Ra'ayinmu: Tabarau Mai Ƙiftawa da Ƙwallon Raga a Ƙasar Ƙonni

A ƴan shekarun nan wani sabon kayan horo ya shigo fagen wasanni a ƙasashen Turai, Amurka da Asiya, har labarinsa ya fara isowa gare mu ta wayoyin salula da ke hannun samarinmu. Kayan nan tabarau ne mai buɗewa da rufewa da kansa, kamar mai ƙifta ido. Ɗan wasa yakan sa shi lokacin horo, sai ya riƙa ganin ƙwallo guntu-guntu, yanzu ga ta, yanzu babu ta. Masu sayar da shi sun ce yana ƙara kaifin gani da saurin motsi, kuma ƴan ƙwallon raga suna cikin waɗanda aka gwada shi a kansu.

Wani zai ce mene ne ruwan mutumin Alela ko na Malbaza da wannan magana. Ruwansa a ciki shi ne, ƙwallon raga wasa ne da ya dace da makarantun karkara: fili kaɗan yake ci, kayansa ba su da yawa, yara maza da mata duka suna iya yinsa. Duk ranar da aka ware kuɗi domin wasannin matasa a gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, sai an zauna an zaɓi abin da za a saya da abin da za a bari. Ra'ayinmu shi ne, darasin da tabaran nan ya zo da shi gaskiya ne, wato gani ma ana horar da shi kamar yadda ake horar da ƙafa da hannu. Amma sayen tabaran kansa da kuɗin jama'a bai kai layi ba tukuna, domin akwai abubuwa da dama da suka riga shi.

Bari mu fara da wasan. Wani malamin motsa jiki mai suna William Morgan ne ya ƙago ƙwallon raga a garin Holyoke na ƙasar Amurka a shekarar 1895. An kafa hukumar wasan ta duniya a birnin Paris a 1947, ya kuma shiga wasannin Olamfik a Tokyo a 1964. Filinsa mita 18 ne a tsawo, mita 9 a faɗi, raga ta raba shi biyu. Tsayin raga mita 2,43 ne ga maza, mita 2,24 ga mata. Kowane ɓangare mutum 6 ne, kuma ba su da izinin taɓa ƙwallo fiye da sau 3 kafin su mayar da ita, ban da tarewar da aka yi a bakin raga. Ba a riƙe ƙwallo, ba a barin ta ta taɓa ƙasa. Saboda haka babu lokacin tsayawa a yi shawara kamar yadda ɗan ƙwallon ƙafa yakan taka ƙwallo ya ɗaga kai ya duba.

Ga lissafin da zai nuna mana nauyin da ke kan ido. Manyan ƴan wasa sukan maka ƙwallo da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa. Wannan gudu daidai yake da mita 28 a cikin daƙiƙa guda, daƙiƙa kuwa ita ce kashi ɗaya cikin 60 na minti. Daga raga zuwa layin baya mita 9 ne, ke nan ƙwallo za ta iso cikin sulusin daƙiƙa. Shi kuma ɗan Adam, daga lokacin da idonsa ya ga abu zuwa lokacin da hannunsa ya fara motsi, yakan ci kusan kashi ɗaya cikin 5 na daƙiƙa. In an cire wannan daga wancan, abin da ya rage bai isa mutum ya ɗaga ƙafa ya sauke ba. To, yaya gwanaye suke tarbe irin wannan ƙwallo? Amsar ita ce ba jiran ta suke yi ba. Tun kafin a doke ta sun karanta gudun mai dukan, da karkatar kafaɗarsa, da juyin hannunsa, ƙwaƙwalwarsu ta ƙiyasta inda za ta sauka, ƙafafunsu kuma sun riga sun kama hanya. Wannan ƙiyasi shi ne rabin gwaninta, kuma da yawan maimaici ake samunsa.

A kan wannan ne aka gina tabarau mai ƙiftawa, wanda masana ke kira horon gani na sitiroboskop. Gilashinsa yana ɗauke da wani ruwa irin wanda ke cikin fuskar agogon lantarki da na'urar lissafi; in wutar batir ta ratsa shi sai ya dushe, in ta ɗauke sai ya washe. Kamfanin Nike ya fito da irin nasa kasuwa a 2011, bayan aikin da ya yi da wani likitan ido mai suna Alan Reichow na jihar Oregon. A wannan samfuri gilashin yakan buɗe na kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa, sa'an nan ya rufe. Akwai matakai 8: a mafi sauƙi yakan ƙifta sau 6 a daƙiƙa, a mafi wuya sau ɗaya tak, ya bar mutum cikin duhu kusan dukan daƙiƙar. Hikimar ita ce a rage wa ƙwaƙwalwa abin da take samu daga ido, domin ta koyi cin moriyar ɗan abin da ta samu, ta cike giɓin da ƙiyasi. Ranar da aka cire tabarau, sai ɗan wasa ya ji kamar ƙwallo ta rage gudu. Misalinsa kamar mai koyon gudu ne a cikin rairayi, wanda in ya hau tsandauri sai ya ji ƙafarsa sakayau.

Wannan ita ce da'awa. Yanzu sai mu duba abin da bincike ya tabbatar, domin gani ya kori ji.

A Jami'ar Duke ta Amurka, malamai biyu, Gregory Appelbaum da Stephen Mitroff, tare da abokan aikinsu, sun gwada ɗalibai da ƴan wasan jami'ar. A 2011 suka bayyana cewa waɗanda suka yi horo da tabaran sun ƙara iya gane motsi a tsakiyar ganinsu, amma ba a ga ƙari ba a ganin gefen ido, ko a iya bin abubuwa da yawa masu motsi a lokaci guda. A 2012 suka nuna cewa riƙe hoton abin da aka gani na ɗan lokaci ya ƙaru, kuma ƙarin ya kai awa 24. A wannan shekara dai wani gwajin ya auna iya cinkar lokacin isowar abu mai gudu: an ga amfani nan take da kuma bayan minti 10, amma da aka sake awo bayan kwana 10 bambancin ya gushe. A 2013 aka gwada ƴan wasan hokin ƙanƙara na ƙungiyar Carolina Hurricanes, aka ce masu tabarau sun ƙaru da kashi 18 cikin 100. Wannan adadi ya yi yawo a jaridu ƙwarai, sai dai mutum 11 ne kacal aka auna.

Gwajin da ya fi kusa da maganarmu shi ne wanda Michał Zwierko da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Polan, aka buga shi a 2023. Sun ɗauki matasa ƴan ƙwallon raga 50, maza 26 da mata 24, masu shekara 16 zuwa 17, suka raba su rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukunan biyu sun yi horo iri ɗaya har mako 6, ɗaya da tabarau, ɗaya babu. An auna su kafin a fara, da bayan an gama, da kuma bayan wasu mako 4. Masu tabarau sun fi sauran ƙaruwa a saurin zaɓen motsi in alamu sun yi yawa, da kuma saurin sauya hanya a fili in an ba da alama ba zato. Amma ƙarfin ganin ido kansa bai sauya ba, kuma ribar ta fi fitowa daf da gama horo fiye da bayan an ɗan jima.

Mai karatu mai hankali zai fitar da abu huɗu daga cikin wannan. Na farko, amfanin akwai shi, ba tatsuniya ba ce. Na biyu, amfanin yana ga yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa abin da ido ya kawo mata. Tabaran ba ya gyara ido mai ciwo ko mai raunin gani. Na uku, yawancin awon an yi shi ne a ɗakin gwaji ko a wani atisaye na musamman, kuma saurin danna maɓalli daban yake da cin wasa a gaban ƴan kallo. Na huɗu, mutanen da aka gwada kaɗan ne, lokacin gajere ne, kowane ɗan wasa kuma ya san ko ya sa tabarau ko bai sa ba, alhali kowa ya san yadda sabon kaya ke ƙara wa yaro himma. Mu ƙara da cewa akwai hannun kamfanin Nike a kuɗin binciken farko na Duke. Wannan bai mai da sakamakon ƙarya ba, amma mai sayen doki ba ya tsayawa ga shaidar dillali kaɗai.

Akwai kuma wani abin lura da ya shafe mu kai tsaye. Matasan Polan da aka gwada ƴan wasa ne da suka riga suka daɗe cikin horo, suna da ɗakin wasa, da masu koyarwa, da ƙwallaye isassu. Tabarau ɗan ƙari ne a kan ginin da ya riga ya tsaya. Yaron kolejin karkara da ƙwallo ke kuɓuce masa, sau da yawa matsalarsa tsayuwar ƙafa ce, da haɗa hannu, da ƙarancin taɓa ƙwallo, domin in aji mai ɗalibai da yawa ya taru a kan ƙwallo ɗaya, kowa sau nawa zai taɓa ta kafin a kaɗa ƙararrawa? Lokacin da tabaran Nike ya fito, kuɗinsa ya kai wajen dalar Amurka 300, wato kusan jika 150 na kuɗinmu. A wancan farashi, ƙungiya mai mutum 12 za ta ci fiye da sefa miliyan ɗaya da rabi, ban da cajin batir, ban da ƙurar hunturu da zafin bazara da ke cin kayan lantarki. Kowane shugaban makaranta zai iya lissafa raga nawa da ƙwallo nawa wannan kuɗi zai saya.

Sa'an nan ga maganar haɗari, wadda ba mu so a yi mata riƙon sakainar kashi. Haske mai walƙiya yana iya tayar da farfaɗiya ga wasu mutane. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan mutum 3 cikin 100 na masu wannan ciwo haske ne ke tayar musu da shi, kuma abin ya fi yawa ga yara da matasa. Walƙiyar da ke tsakanin sau 3 da sau 30 a daƙiƙa ita ce aka fi jin tsoro, matakan tabaran masu sauri kuwa sun shiga cikin wannan iyaka. A watan Disamba na 1997, a ƙasar Japan, sama da mutum 600, yawancinsu yara, aka kai asibiti bayan sun kalli wani wasan zane a talabijin mai walƙiyar ja da shuɗi. Masu ƙera tabaran da kansu suna gargaɗin masu farfaɗiya su nisance shi. A wurinmu, inda iyaye da yawa ke ɓoye wannan ciwo saboda gudun surutun mutane, malami ba zai san yaron da ke da shi ba sai ya tambaya cikin sirri da mutunci. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, tana da magani a asibiti, kuma mai ita yana iya wasa bisa shawarar likita. Abin da muke hanawa shi ne a sa masa haske mai ƙiftawa a ido. Haka nan muna jan kunnen samari kada wani ya ce zai kwaikwayi wannan horo da tocila ko fitilar waya da dare.

To, me ya kamata ya zo a gaba? Lafiyar idon kanta. Yaron da ba ya ganin rubutun allo daga bencin baya ba zai ga ƙwallo daga layin baya ba, kuma sau da yawa akan ce masa rago ko daƙiƙi alhali tabaran likita kawai yake bukata. Akwai allon gwajin ido mai harafin E yana fuskantar sama, ƙasa, dama ko hagu. Ko wanda bai yi karatu ba yana iya nuna inda ƙafafun harafin suka dosa. Malami ɗaya da ma'aikacin lafiya ɗaya sun isa su gwada aji guda cikin hantsi ɗaya, su tura masu rauni asibiti a Ƙonni, Malbaza ko Illela. Amodari, wanda ƙuda da rashin wanke fuska ke yaɗawa, yana lanƙwasa gashin ido ciki har ya goge baƙin ido. Dundumi, wato rashin gani da magariba, alama ce ta ƙarancin sinadarin bitamin A, wanda ake samu a zogale, karas, kabewa, mangwaro, ƙwai da hanta, kuma ƙasar da ke da fadamun Ƙonni da lambunan Galmi ba ta rasa kayan lambu ba. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Ƙasar da ta iya wannan babban aiki ba za ta kasa gwada idon ɗalibanta sau ɗaya a shekara ba.

Bayan lafiyar ido sai fili shararre wanda ba tsakuwa ba ƙaya, da turaku biyu kafaffu, da raga, da ƙwallaye da abin hura su, da malamin motsa jiki wanda ya san aikinsa. In waɗannan sun samu, darasin tabaran ana iya ɗaukarsa ba da ko dala ba, domin asalinsa ba baƙo ba ne a wurinmu. Yarinyar da ke wasan carafke takan cilla tsakuwa sama, ta kawar da ido ta kwashi na ƙasa, ta dawo ta cafe ta saman. Matar da ke daka takan wurga taɓarya, ta tafa hannu, ta karɓe ta ba tare da ta ɓata kiɗan turmi ba. Su biyun duka suna aiki ne da guntun gani da cikakken ƙiyasi. Masu koyar da ƙwallon raga ma suna da dabaru irin waɗannan tun kafin a ƙera tabarau, ga kaɗan daga ciki:

Na ɗaya, a rataya zane ko tabarma a kan raga, yadda masu tarba ba za su ga ƙwallo ba sai ta ƙetaro. A fara da jifa a hankali, a riƙa ƙara ƙarfi mako bayan mako.

Na biyu, mai tarba ya juya baya; malami ya tafa hannu daidai lokacin da ya jefa ƙwallo sama, yaro ya juyo ya neme ta ya tarbe.

Na uku, a cire zanen, a sa yara su zuba ido ga kafaɗa da hannun mai duka, su faɗi da baki inda ƙwallo za ta, dama ko hagu, kusa ko nesa, tun kafin ya doke ta.

Na huɗu, wanda shi ne ya fi kowanne muhimmanci, a riƙe littafi. Kowane mako a jefa wa kowane yaro ƙwallo 20, a rubuta nawa ya tarbe daidai. Bayan wata biyu littafin zai faɗi ko dabarar ta yi amfani. Duk wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ya iya wannan lissafi, kuma ta nan kwamitin iyayen yara zai iya taya malami aiki.

Ba mu ce zane a kan raga ya yi daidai da tabarau ba; kowanne da yadda yake aiki. Abin da muka ce shi ne, zanen yana hannunmu yau, ba ya tayar da farfaɗiya, kuma yana koya wa yaro ɗabi'ar karanta wasa.

Muna roƙon a ba ƴan mata rabonsu cikakke a wannan aiki. A gwajin Polan kusan rabin waɗanda aka horar mata ne. A nahiyarmu ma, matan Kamaru sun ɗauki kofin Afirka na ƙwallon raga sau uku a jere, a 2017, 2019 da 2021, matan Kenya kuma suka karɓe shi a 2023. Wasa ne da raga ke raba ɓangarori biyu, babu ture babu kokawa, ana kuma iya yinsa a cikin shingen makaranta da suturar da iyaye suka yarda da ita. Ƴar da ta ƙware a carafke tun tana ƙarama ta riga ta zo da jarinta.

Shin tabaran ba shi da wuri a ƙasarmu ke nan? Yana da shi, amma wurinsa sama ne, wajen ƙungiyar ƙasa da manyan kulob-kulob. In hukumar ƙwallon raga ta Nijar da makarantar horar da malaman wasanni ta ƙasa da ke Yamai suna son su gwada shi, to, su sayi kaɗan, su bi hanyar da masana suka bi: likita ya duba kowane ɗan wasa tukuna, a raba rukuni biyu da ƙuri'a, a yi horo iri ɗaya, a auna kafin da bayan, a sake aunawa bayan wata guda, a ƙidaya ƙwallayen da aka tarbe a wasa na gaske, sa'an nan a bayyana sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Jami'ar Tawa tana kusa, tana iya taimakawa da lissafi. In an ga riba, sai a faɗaɗa da hujja a hannu.

Jahar Tawa ta san yadda ake gina wasa daga tushe. A birnin Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma ƴan kokowar da suka shiga fili a wancan lokaci daga dandalin ƙauyuka suka fito, inda ake karawa bayan girbi. Issaka Dabore ya kawo wa Nijar lambar tagulla a dambe daga Munik a 1972, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo ta azurfa a taikwando daga Riyo a 2016. Hanyar ƙwallon raga ma ta nan za ta bi, daga filin makarantar ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha.

Saboda haka muna kira ga perfe-perfe na Ƙonni, Malbaza da Illela, da shugabannin ƙananan hukumomi irin su Alela, da sufetocin makarantu, da jami'an lafiya da na matasa da wasanni, su haɗa kai a kan abu uku kafin shekarar karatu ta ƙare: a gwada idon kowane ɗalibi, a kafa raga a kowace koleji tare da ƙwallaye isassu, a kuma tara malaman motsa jiki a koya musu dabarun horar da gani da riƙe littafin awo. Iyaye kuma su saki ƴaƴansu, maza da mata, su je fili da la'asar. Allah ya ba mu lafiyar ido, ya yi wa matasanmu albarka.